Kyamarar aljihu a hannun tela: me ya sa waya take fin ta, kuma ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Agege, a nan Legas. Kawuna ya dawo daga tafiya ya ba ni wata ƙaramar kyamara ta Canon, irin wadda ake sakawa a aljihu. A jikinta an rubuta megafiksel 20 da 8x, a bakin gilashinta kuma akwai 1:3.2-6.9. Na yi murna ƙwarai, domin ina son in riƙa ɗaukar hotunan ɗinkin da nake yi ina tura wa masu saye, da kuma hotunan suna da biki na 'yan'uwa. Amma abin mamaki, hotunan da nake ɗauka a cikin shago suna fitowa dishi-dishi, farar shadda tana komawa ruwan toka, fuskokin mutane su yi duhu, batir kuma ba ya jimawa. Wayata ta fi ta fitar da hoto. Shin kyamarar ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya ba? In sayar da ita ne, ko akwai yadda zan fara koyo?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka wa kawu da alheri, ya kuma sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka daidai, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko, me ya sa na'urar da aka ƙera domin ɗaukar hoto kaɗai take shan kashi a hannun waya, wadda hoto aikinta ne na gefe. Ta biyu kuma, idan laifin ba na na'urar ba ne gaba ɗaya, ta ina mutum zai kama. Zan amsa maka ne a matsayin wanda ya shiga wannan sana'a tun zamanin fim, lokacin da muke ɗaukar hoton biki ranar Asabar ba mu san abin da muka ɗauko ba sai an wanke ranar Litinin, kuma har yau ba na fita ba tare da ƙaramar kyamara a aljihun riga ba, ko da manyan suna cikin jaka.

Duk abin da ka lissafa, in ban da maganar batir, ba alamar lalacewa ba ne. Haka irin waɗannan kyamarori suke yi idan aka bar su suka yanke wa kansu hukunci a wurin da haske ya yi ƙaranci. Kyamararka mayunwaciyar haske ce, shagon tela kuwa, musamman irin waɗanda ke cikin layi inda gini ya kare gini, ba wurin da za ta ƙoshi ba ne.

Abin da ke cikin cikinta

Irin wannan kyamara ta yi tashe sosai kafin wayoyin zamani su kankama. A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120, kuma mafi yawansu na aljihu ne. Daga nan waya ta cinye kasuwar, har kamfanin Casio ya daina ƙera su a 2018. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, galibin ƙananan kyamarorin da ke yawo a hannun mutane yau, dabarar da ke cikinsu ta tsufa, alhali wayar da ke aljihunka ta baya-bayan nan ce.

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, wanda masu sana'a ke kira sensa, shi ne ya maye gurbin fim. A kyamara irin taka, faɗinsa bai wuce milimita 6 da ɗan ɗoriya ba, tsayinsa kuma kusan milimita 4 da rabi, wato bai kai farcen ɗan yatsanka ƙarami ba. Na manyan kyamarorin da muke zuwa biki da su kuwa milimita 36 ne da 24, ya ninka naka kusan sau 30 a fili. Bambancin kamar na mai tarar ruwan sama da kofin shayi ne da mai tara da baho: idan ana sheƙa ruwa kowa zai samu, amma idan yayyafi ake yi, mai kofi zai koma da ƙishirwa. Megafiksel 20 ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba ya ƙara wa farantin girma, yana nufin an yanka shi ne gida miliyan 20, kowane gida yana samun ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Hoton da ake wankewa mai girman inci 4 da 6 bai buƙaci fiye da megafiksel 2 da 'yan kai ba, mai inci 8 da 10 kuma kimanin 7 ya ishe shi.

Lambobin da ka karanto a bakin gilashi sun fi megafiksel ɗin muhimmanci, kuma na ji daɗi da ka kawo su. Suna nuna iyakar yadda idon kyamarar yake iya buɗewa, kuma lamba ƙarama ita ce buɗewa babba. Idan ba ka zuƙo hoto ba, idon yana kan 3.2. Idan ka zuƙo har ƙarshen 8x ɗin nan, ya koma 6.9, hasken da ke shiga kuma ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Babban idon yawancin wayoyin yanzu yana wajen 1.8, wato tun kafin ka zuƙo komai yana shigar da haske kusan ninki uku na naka. Ban da haka, waya tana da wata dabara: idan ka danna sau ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta goge, ta ƙara kala, sannan ta nuna maka guda. Kyamararka ɗaya tak take ɗauka, ta miƙa maka yadda ya zo.

To, idan haske ya gaza, abu biyu kyamara take yi don ta cike giɓin. Ko dai ta daɗe idonta a buɗe kafin ta ƙifta, a lokacin kuwa ɗan motsin hannunka ko na wanda kake ɗauka zai ja hoton ya yi dishi-dishi. Ko kuma ta ɗaga abin da ake kira ISO, wanda tamkar ƙure muryar rediyo ne a tashar da ba ta kamu sosai ba, magana ta ƙaru, shuuu ma ta ƙaru, sai hoton ya fito yashi-yashi. Hotunanka na cikin shago, ina kyautata zaton, sun haɗa duka biyun.

Shirin farko

Kafin ka sake ɗaukar hoto ko ɗaya, ka kwashe duk abin da ke cikin katin memori zuwa kwamfuta ko waya, sannan ka mayar da shi cikin kyamarar ka shiga jerin saituna ka nemi inda aka rubuta Format, ka bar ta ta share shi da kanta. Ka saita kwanan wata da lokaci, domin bayan shekara biyu, sa'ad da kake neman hoton rigar da ka ɗinka wa wani a ƙaramar salla, wannan kwanan watan ne zai cece ka. Kati mai gigabait 16 yana ɗaukar hotuna wajen 2,000 a irin kyamararka, don haka babu buƙatar ka nemi ƙato. Katuna biyu matsakaita sun fi babba ɗaya. Kada kuma ka sayi kati a hannun masu talla cikin cunkoson motoci. Na taɓa yin wannan ganganci ina sauri zuwa wani ɗaurin aure, katin ya nuna yana karɓar hoto har aka tashi, da na koma gida na tarar fiye da rabi ba sa buɗuwa. Kunyar da na sha a gaban uban amarya har yau ban manta ba, kuma tun ranar na yarda cewa araha ba ta ado.

Batir kuwa, ko sabo ne, irin waɗannan ƙananan ba su cika wuce hoto 200 zuwa 300 a caji ɗaya ba, wanda ya shekara biyar ko shida a ajiye kuma ya riga ya gaji. Ka ciro shi ka duba, in ya kumbura ko yana wahalar fita daga gurbinsa, ka daina amfani da shi nan take. Lambar samfurinsa tana rubuce a jikinsa, da ita za ka nemi wani. Abin da ya fi cinye caji shi ne filasha, da kunnawa da kashewa barkatai, da kuma zaman nuna wa jama'a hotuna a allon bayanta bayan kowane ɗauka.

Riƙo da danna

Ka fitar da kyamarar daga Auto ka mayar da ita kan P. A Auto ita ce mai gida, kai ɗan rakiya ne. A P tana ci gaba da yin lissafin haske, amma ta ba ka damar sa baki a kan ISO da filasha da kala da ƙarin haske ko raginsa. Waɗannan huɗun su ne karatunka na wata uku masu zuwa, sauran abubuwan da ke cikin jerin saituna za su iya jira.

Maɓallin ɗaukar hoto hawa biyu gare shi, kuma da yawa daga masu farawa ba su sani ba. Idan ka danna shi rabi, kyamarar za ta nemi abin da kake so ya fito tar, ta yi ɗan ƙara, wani ɗan akwati a allo ya koma kore. Sai a lokacin za ka ƙarasa dannawa a hankali, kamar mai taka keken ɗinki a kan lanƙwasar wuya, ba kamar mai buga tambari ba. Wanda ya saba da waya yakan danna gaba ɗaya da ƙarfi, ya girgiza kyamarar a daidai lokacin da take buƙatar natsuwa. Ka riƙe ta da hannu biyu, ka manna gwiwoyin hannunka a jikinka, ka zura hannu cikin igiyarta. Idan ka danna rabi za ka ga wata lamba a ƙasan allo kamar 1/15 ko 1/125, ita ce saurin ƙiftawar, wato kashi ɗaya cikin 15 ko cikin 125 na daƙiƙa. In saurin ya yi ƙasa da 1/60, kamar 1/15 ɗin nan, hannun ɗan Adam ba abin dogaro ba ne. Mutum a tsaye yana son 1/125, yara masu guje-guje kuwa sai 1/250 ko sama. A kan ISO, ka tsaya tsakanin 100 da 400 gwargwadon iko, domin daga 800 zuwa sama yashin yana fara cin zaren yadi.

Ga tela akwai wani sauƙi da mai hoton biki ba shi da shi: riga ba ta motsi. Ka rataye ta, ka ɗora kyamarar a kan tebur ko kujera, ka sa ISO 100, ka kunna agogon jinkiri na daƙiƙa 2, ka danna ka janye hannunka. Ko da kyamarar ta ɗauki rabin daƙiƙa idonta a buɗe, hoton zai fito tsaf, tunda babu mai taɓa ta. Wannan dabarar kaɗai za ta kawar da rabin kukanka. Sannan a cikin ɗaki kada ka zuƙo, ka taka da ƙafarka ka matsa. Ka kuma shiga saituna ka kashe zuƙowar dijital, domin duk abin da ya wuce 8x yankan hoto ne kawai da buɗa shi, ba ƙarin gani ba.

Farar shadda da baƙar fata

Nan ne nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin wannan matsalar tamu ce fiye da ta waɗanda suka ƙera na'urar. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san shadda ba, bai san fuska ba. An gina shi ne a kan zaton cewa idan aka cakuɗa duk abin da ke gabansa, zai tashi tsaka-tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba. Idan ka cika masa ido da farar babbar riga, sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage, har farin ya koma ruwan toka. Tunda kuwa ya rage wa hoton duka ne, fuskar mai rigar, wadda dama ta fi rigar duhu nesa ba kusa ba, sai ta nutse. Abin da ka gani ke nan, kuma haka manyan kyamarori ma suke yi idan aka sakar musu.

Maganin yana kan wani maɓalli ko saiti mai alamar +/-. Idan fari ya mamaye hoton, ka ƙara zuwa +2/3 ko +1, ka ɗauka, ka duba. Idan yadin baƙi ne ko shuɗi mai duhu, akasin haka ke faruwa, kyamarar za ta ƙara haske har baƙin ya koɗe, sai ka rage zuwa -2/3. Sai dai akwai iyaka a wajen ƙarin: in ka zarce, farin zai ƙone, aikin da ka ɓata kwana uku kana yi a wuya da aljihu ya ɓace ya zama fili fetal, kuma abin da ya ƙone a hoto ba ya dawowa ko da wace manhaja. Saboda haka bayan kowane ɗauka ka buɗa hoton a allo ka duba wurin aikin, in kana ganin zare, kana kan hanya. Ka tuna ka mayar da maɓallin kan sifili in ka gama, domin kyamara ba ta mantuwa, kai ne za ka manta.

Amma gyara na gaskiya ba a maɓalli yake ba, a wurin tsayuwa yake. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana hawa tsakar ka da wuri, daga wajen ƙarfe 11 zuwa 3 haskenta daga sama yake dukan mutum, ya bar duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin hula, ya kuma sa shadda mai maiƙo ta riƙa walƙiya. Ka nemi inuwa mai buɗaɗɗen gaba, kamar bakin ƙofar shagonka ko ƙarƙashin baranda, ka tsayar da mutum yana fuskantar waje, kai kuma ka juya wa waje baya. A nan hasken yana zuwa a tausashe, tazarar da ke tsakanin farin riga da duhun fuska ta ragu, har ƙaramar kyamara ta iya ɗaukar duka biyun. Kuskuren da na fi gani a shagunan teloli shi ne akasin wannan: a tsayar da mai riga a bakin ƙofa yana kallon ciki, titi yana bayansa, sai a sami hoton titi mai kyau da inuwar mutum a tsakiya. Safiya kafin ƙarfe 9 da yamma bayan la'asar sakaliya su ne lokutan da na fi so, sai dai ka sani magariba a nan ba ta jira, rana na faɗuwa duhu ya rufa. Ranar da hadari ya lulluɓe gari kuwa, wadda ba ta wuya a damina, kyauta ce ga mai ɗaukar hoton tufafi.

Kala da zaren aiki

Mai saye yana iya yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma ba zai yafe ba idan ya zaɓi ruwan ƙasa a hoto aka kawo masa ruwan goro. Kowane haske da launinsa: na rana daban, na farin ƙwan lantarki yana ja zuwa shuɗi ko kore, na jan ƙwai yana ja zuwa rawaya. Idonmu yana gyara wannan ba mu sani ba, kyamara kuwa sai ta yi hasashe, kuma tana rikicewa idan haske iri biyu suka haɗu. Don haka in za ka ɗauki yadi a bakin ƙofa, ka kashe ƙwan shagon. A cikin saitin da aka yi wa alama da WB akwai zaɓin da za ka nuna wa kyamarar farar takarda a daidai wurin da rigar take, ka ce mata wannan shi ne fari, daga nan sauran launuka su zauna daidai. Bango ma yana da tasiri, koren fenti yana zuba wa farar riga kore. Farin yadi ko mai ruwan toka da za ka rataya a baya ya wadatar.

Domin aikin wuya da na hula, ka nemi alamar fure, ita ce ke ba kyamarar damar ganin abu daga 'yan santimita kaɗan. A nan kada ka kunna filasha ko kusa, domin hasken da ya fito daga gaba kai tsaye yana shafe tudu da kwarin zare. Ka juya rigar yadda haske zai zo mata daga gefe, za ka ga kowane ɗinki ya tashi da 'yar inuwarsa. In ka zo turawa ta WhatsApp, ka sani yana matse hoto ya rage masa inganci. Wanda kake so a ga zarensa, ka tura shi a matsayin fayil.

A wurin suna da biki

Filashar kyamararka ba ta wuce mita 3 zuwa 4, in ka zuƙo ma ba ta kai haka ba. Wanda ya tsaya a ƙarshen zauren biki yana walƙa wa amarya filasha daga nesa, ƙeyar mutanen gabansa kawai yake haskawa. Da dare ka matso kamar taku uku ko huɗu, kada ka jingina mutane da bango, kuma ka ɗauki kowane hoton taro sau uku, domin ba a rasa mai rufe ido. Abin da mutane ba su zata ba shi ne, filasha ta fi amfani da rana. A ƙarƙashin rumfunan da ake kafawa a titi, inda waje ke da haske ciki kuma da duhu, ga launin tamfol ja ko shuɗi yana zuba a fuskoki, ka tilasta mata ta yi walƙiya. Za ta wanke fuskokin ba tare da ta ƙona bayan ba. A wannan fagen, da kuma wajen zuƙo fuskar liman ko ango daga nesa da rana, kyamararka ta fi yawancin wayoyi, domin fitilar waya ba ta da ƙarfin filasha ta gaske, zuƙowarta kuma galibi yanka ce.

Ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, musamman a ɓangaren mata, kuma wanda ya ce a goge hotonsa, ka goge a gabansa. A titi da kasuwa kamar Mile 12, kyamara tana jawo ido fiye da waya, don haka ka gaisa da mutane tukuna. Barikin soja, ofishin 'yan sanda da shingen bincike kuwa, ka bar ta a aljihu.

Laimar Legas

Wanda ya taso a Arewa ya saba tsoron ƙura, amma a nan babban abokin gabar kyamara laima ce. Idan aka ajiye ta a wuri mai duhu da danshi, kamar cikin durowar kaya ko ƙasan akwati, funfuna tana tsirowa a cikin gilashin, ta yi kamar saƙar gizo-gizo, hotuna su riƙa fitowa kamar an ɗauke su cikin hazo. Na yi asarar gilashi mai tsada ta wannan hanya a wata damina da na yi tafiya gida na bar shi cikin jakar fata. Yanzu abin da nake yi shi ne, ina ajiye ƙananan kyamarorina a cikin robar abinci mai murfi mai kamawa, tare da ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, ina kuma shanya ƙunshin ko sauya su lokaci-lokaci. In za ta daɗe a ajiye, ka cire batirin. Kyamarar da ake fita da ita kullum ta fi wadda ake ɓoyo lafiya.

Idan ka fito daga zaure ko mota mai sanyin na'ura zuwa zafin waje, gilashin zai yi gumi. Kada ka goge shi da bakin riga, ka ba shi 'yan mintuna ya washe da kansa. A bakin teku, Lekki ne ko Tarkwa Bay, ka yi hattara da yashi da iskar gishiri, domin idon irin wannan kyamara yana fitowa ya koma ne a kan ƙananan haƙora na roba, ƙwayar yashi ɗaya tana iya maƙale shi. A shagonka ma akwai irin wannan haɗari, wato burbushin yadi da zare, saboda haka kada ka bar ta a buɗe a kan teburin yanka.

A sayar ko a riƙe?

Ban riƙe kyamararka a hannuna ba, kuma ni mai ɗaukar hoto ne, ba mai gyara ba, don haka ba zan rantse cewa lafiyarta ƙalau ba. Ga gwajin da zai raba gardama: gobe da safe ka fita da ita waje, ka sa P da ISO 100, kada ka zuƙo, ka ɗauki wani allon shago mai rubutu daga nesan taku goma, ka buɗa hoton a kwamfuta ko waya. In rubutun ya fito tar daga gefe zuwa gefe, kyamarar lafiya take, saura koyo. In ya fito da hazo ko gefe ɗaya ya narke duk da hasken rana, to, akwai funfuna ko ta taɓa faɗuwa, kuma gyaran irin waɗannan sau da yawa yana kusan kuɗin sayen wata kyamarar.

In ta ci wannan gwaji, shawarata kada ka sayar yanzu. Ba zan ɓoye maka ba, da dare ba tare da filasha ba, da kuma wajen saurin turawa, wayarka za ta ci gaba da fin ta, kuma in mai saye yana jira a kan layi, babu laifi ka ɗauka da waya. Amma waya tana ƙara wa kala gishiri, tana kuma shafe zaren yadi da sunan gyara, abin da tela ba ya so ke nan. Ka sayi ɗan abin karanta kati wanda ake soka wa waya, ka ba kyamarar wata uku a bakin ƙofar shagonka. Matasa ma sun dawo suna neman waɗannan ƙananan kyamarori a 'yan shekarun nan, don haka jinkirin ba zai sa ta rasa mai saye ba.

In bayan haka ka ga hannunka ya wuce ta, abin da za ka nema ba ƙarin megafiksel ba ne, babban faranti ne. Akwai na aljihu masu sensar da ake kira inci ɗaya, wadda ta ninka taka kusan sau huɗu, kamar Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012 da Canon G7 X ta 2014, dukansu idonsu yana buɗewa har 1.8. Ana samun na hannu a Computer Village da ke Ikeja, wadda ba ta da nisa da kai, da kuma kasuwar Alaba ta Ojo. Ka je da kanka, da katinka a aljihu. Ka haska tocilar waya cikin gilashin ka duba ko akwai saƙar funfuna, ka zuƙo ka mayar sau da yawa kana sauraron ko akwai ƙarar gurzawa, ka ɗauki farar takarda ka duba ko akwai ɗigon da ba ya gushewa, ka gwada filasha, sannan ka tabbatar an haɗa maka da caja da batirin da ya riƙe caji kafin ka ƙirga kuɗi.